Shekarar da Na Zama Karen Mota

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya ara mini numfashin da zan yi wannan magana da shi. Ni ban yi boko ba, hannuna muciya ya sani, bai san alƙalami ba. 'Yata Rabi ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini harshe. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba, ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba, amma ku matso kusa kamar yadda kuke matsowa in ita ce.

Ku jikokina, in kuna son tsokanata sai ku ce mini Karen Mota, ni kuma in ɗaga muku muciya mu yi dariya. A gari kuka tsinci sunan. Na kuma san wasunku sun ji ana cewa wai kakarku ta taɓa zuwa tasha da rana tsaka ta kunyata mijinta a gaban maza. Zuwa kam na je. Amma zance in ya bi bakuna da yawa yakan sauya kama, shi ya sa nake so ku ji shi daga bakin wadda ƙafarta ta taka.

Alhaji, kakanku, direban babbar mota ne tun kafin a kawo ni gidansa. Masara, dawa, auduga, waken suya, duk abin da ƙasar nan ta haifa daga Malumfashi zuwa Funtua da Danja, shi ke ɗauka ya nufi Kudu da shi. Sai ya yi kwanaki bai dawo ba, in ya dawo kuma rabin zamansa barci ne. Ni na yi ta haihuwa, na yi ta reno, na aurar da na aurarwa, shi yana bisa kwalta. Abin da na sani na miji shi ne ƙarar hon daga bakin gari, da tsarabar burodi da ayaba, sai warin taba a rigarsa in na zo wanki. Bai taɓa sha a gabana ba, yana da wannan kunyar, bayan zaure yake kewayawa. Na taɓa yi masa magana sau ɗaya muna da ƙuruciya, ya ce ita ce ke riƙe masa ido a hanya, in ya bari zai kashe kansa ya kashe bayin Allah. Ban sake ɗaga maganar ba. Sabo turken wawa, in ji mutanen da, amma mace ba ta faɗa wa mijinta wannan karin maganar.

Wata ranar kasuwa a Funtua, ana cikin lodin masara, ya dafe ƙirji ya sulale jikin taya. Isuhu ne ya ɗauke shi zuwa asibiti, wani da ya yi masa yaron mota shekara da shekaru har ya koya masa tuƙi ya zama direban kansa. Daga asibitin nan aka tura mu Kano. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, sai ga ni a Kano zaune kan tabarma a barandar asibiti, carbi a hannu, an shiga da mijina ɗakin da ba a bari kowa ya leƙa. Suka tsaga ƙirjinsa, suka ɗebo jijiya daga ƙafarsa suka ɗinka a zuciya. Da ya farfaɗo likita ya yi masa bayani da harshen da zai gane, ya ce hanyar cikin gari ce ta cushe, sai suka fitar wa jini da sabuwa ta bayan gari. Alhaji ya gyaɗa kai, wannan ya fahimta.

Ranar sallama likitan ya sa aka kira ni. Yaro ne, bai fi sa'an Rabi ba, amma da ya fara magana sai na ji kamar alƙali.

"Mama, mu mun yi namu, saura naku. Taba, ko kara ɗaya. Sitiyarin babbar mota, ya yi bankwana da shi. Gishiri kaɗan, kanwa babu, maiƙo a rage."

"To, ɗana," na ce.

"Sai tafiya. Kullum da safe ya taka da ƙafarsa, yau kaɗan, gobe a ƙara. Kada ya tafi shi kaɗai. Wani ya kasance kusa da shi, suna tafiya suna magana. In aka ji maganarsa ta fara yankewa, a tsaya ya huta. Kwanciya ita za ta kashe shi, ba tafiya ba."

Alhaji yana kwance yana kallon rufi, ya ce, "Likita, ka raba ni da taba, ka raba ni da mota. To me ka bar mini?"

"Na bar maka rai, Baba."

Muka dawo gida da bazara, gari ya yi zafi, ana jiran ruwan shuka. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa har tabarmin zaure suka kasa. A cikinsu akwai wadda kuke kira Goggo kamar yadda iyayenku ke yi, yayar Alhaji, wadda ta goya shi a bayanta tun uwarsu na da rai, ba ta kuma daina yi masa kallon ɗan goye ba har gemunsa ya yi fari. Ita a wurinta jikin da aka yanka jego yake so. Kullum sai ta aiko da kunun kanwa mai zafi da farfesun ƙafar sa, mai na yawo a kai, ta ce a rufe shi a ɗaki kada iska ta shiga ɗinkin. Da soyayya take yi, Allah Ya sani. Ni kuma in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ɗan aiken ya juya sai in raba wa maƙwabta. Ba a daɗe ba ta ga kwanonta a gidan da ba nan ta aika shi ba. Ta dai ajiye a ranta.

Ku da kuka san kakanku yanzu, mai wasa da ku yana raba muku aya, ba za ku gane mutumin da na zauna da shi a watannin nan ba. In tari ya zo masa sai ya rungume matashin kai a ƙirji kamar mai jariri, hawaye na zuba. Hannunsa na dama ba ya zama wuri ɗaya, ya shiga aljihu ya fito, ya shiga ya fito, ba komai a ciki. Ya yi wa kaji faɗa, ya yi wa rediyo faɗa, ya ce miyata ruwan wanke kwano ce. Na saya masa asuwaki, ya tauna har ya zama igiya. Na ba shi dabino, na ba shi aya. In babbar mota ta wuce kan titi ta yi hon, sai ya daina tauna, ya karkata kai har ƙarar ta ɓace, ya ce wannan giyarta ta uku ta ci, ko kuwa wannan yaron zai ƙona kuloci.  Mutumin da ya san kowace gada daga nan har bakin teku, ga shi bai san inda ake ajiye buta a gidansa ba.

Saura maganar tafiya. Wa zai raka shi? Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana Kaduna wurin aiki. Ƙanensa yana can wani gari. Rabi tana ɗakin mijinta da goyo. Gidan nan daga ni sai shi sai kaji. Ni kuwa tun da aka kawo ni ban fita da rana ba sai da dalili: suna, biki, gaisuwar mutuwa. Ko an ce mu je wuri ɗaya da shi, yana can gaba ina can baya, wanda bai sani ba ba zai ce tare muke ba. Haka muka tarar, haka iyayenmu suka yi, ban kuma taɓa jin an zalunce ni ba.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Washegari bayan ya dawo masallaci na yafa mayafi na ce mu je. Muka ɗauki hanyar gonar gado, wadda ke bayan rafi, ta wajen hanyar Gozaki. Yana gaba da sanda, ina baya nesa kamar yadda aka saba. Kafin rafi akwai ɗan tudu. Ina kallon bayansa yana hawa, ban ga komai ba, ban ji komai ba, sai kawai na ga ya zauna a ƙasa. Da na iso leɓɓansa sun yi toka, numfashi na fita da ƙyar. A nan na gane cewa ƙeyar mutum ba ta gaya maka halin da zuciyarsa ke ciki.

Kashegari na matso gefensa, kafaɗa da kafaɗa.

"Ke, ina za ki? Koma baya mana."

"Likita ya ce in riƙa jin maganarka."

"To me zan ce miki?"

Wallahi jikokina, tambayar nan ta fi ƙarfina. Mun haifi 'ya'ya, mun binne wasu, mun ga jikoki, amma in aka cire ina kwana da an gama tuwo da kuɗin cefane, ba mu da zance. Muka yi ta tafiya kamar baƙi biyu da suka haɗu a hanyar kasuwa. Can dai Allah Ya kawo mini dabara.

"Alhaji, da a ce hanyar nan ita ce hanyar Legas, yanzu muna ina?"

Ya dube ni kamar na zautu. Ya dubi hanyar, ya waiga ya dubi gari.

"Ko Birnin Gwari ba mu kai ba."

"Me ke akwai a Birnin Gwari?"

Shi ke nan, bakin da ya rufe ya buɗe. Ya ba ni labarin dajin da ba a tsayawa a cikinsa, da mai shayin da ke sa musu citta har ido ya yi ruwa. Tsamiyar bakin burtali ta zama Tegina, kukar da ke gaba ta zama Mokwa, rafi ya zama gadar Jebba, ɗorawar da ke tsakiyar gonarmu kuwa ita ce Legas. Ni ina sauraren labarin da kunne ɗaya, ɗayan yana kan numfashinsa. Da na ji kalma ta fara tsinkewa biyu sai in ce ƙafata ta gaji, mu tsaya. Ya san ba ƙafata ba ce, amma bai taɓa ƙaryata ni ba. Kwanakin farko a Tegina muke juyowa. Da masara ta kai gwiwa mun fara kwana a Mokwa. Na ga garuruwan da ban taɓa gani ba, na ci abincin da ban taɓa ci ba, duk a tsakanin gari da rafi.

A gindin tudun nan ne wata safiya ya tsaya, ya dogara sanda ya ce:

"Kin san aikin karen mota?"

"Ɗaure kaya da wanke gilashi."

"Wannan kowa ma ya yi. Aikinsa na gaskiya a kan tudu yake. Mota ta ɗauko lodi tana hawa, sai ta mutu. Birki ba zai riƙe ta ba, nauyin ya fi ƙarfinsa, baya za ta yi ta komawa har ta kife. Direba ba shi da iko, yana riƙe da sitiyari. Karen mota ne zai diro da wani guntun katako da muke kira weji, ya cusa a bayan taya. In ya tsaya jin tsoro ko jiran a ce masa ya sauka, an gama. In mota ta tashi kuma, ya zare wejin, ya bubbuga jikinta sau biyu ya ce, Oga, mu je."

Na ji, na ajiye, ban san zai yi mini rana ba.

Gonar da ke kan tudun ta Nomau ce, abokin Alhaji tun suna kiwon awaki. Bamaguje ne, mutum mai dariya, shi ke noma tabarsa a bayan gida, lofensa kuwa ba ya rabuwa da bakinsa. Amma tun ranar da ya ji abin da likita ya ce, da ya hango mu daga nesa sai ya ƙwanƙwasa lofen a ƙotar fartanya, ya tura shi cikin aljihu, ya kore hayaƙin da hula.

"A'a! Sitiyari, yau kuma da ƙafa? Ina motar?"

"Tana gareji, arnen banza. Kai har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni, ka share mini wuri. Kai jama'a, ga mota ga karenta! Uwargida, ki riƙe shi da kyau, tsohuwar motar roka ce, ba ta da birki."

Daga bakin Nomau sunan ya fito, da wasa ya faɗa. Amma kafin ya iso cikin gari an shafa masa barkono. Mata a gidan biki suna ganina sai a taɓa juna. Aka ce tsufa ya zo mini da gardama, aka ce na shanye shi, aka ce wai abin da yaran birni ke yi ne muke kwaikwayo da furfurarmu. Ranar wata Juma'a Goggonku ta zo da kanta, ko zama ba ta yi ba.

"Asabe, ni za ki mayar abin dariya a garin nan? Na aiko da abinci kin raba wa unguwa, na yi shiru. Yanzu kin ɗauki ƙanena, mutumin da aka tsaga kamar rago, kina jan sa a daji kafaɗa da kafaɗa. A gidan uban wa kika ga an yi haka?"

"Yaya, likita ne ya ce."

"Likita ne ya goya shi ko ni? In tafiyar ce dole, ba shi da ƙafa? Sai kin bi shi kamar jela?"

Alhaji yana ɗaki yana ji. Ashe shi ma a ƙofar masallaci an yi masa nasa, wani ya tambaye shi ko uwargida ta ba shi izinin fitowa. Da Goggo ta tafi ya kira ni, bai dube ni ba ya ce:

"Daga gobe ki zauna. Na ji sauƙi, zan iya ni kaɗai."

Na ce to. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba, ban kuma san yadda ake yi ba.

Ya ci gaba da fita da safe da sandarsa, ya dawo da hantsi. In na tambaye shi yau ina aka kai, sai ya ce an kai inda aka kai. Labari ya ƙafe. Damina ta yi nisa, ana ta marka, amma takalminsa ba ya dawowa da laka. Sa'an nan wata rana ina wanki na ɗaga rigarsa, sai hancina ya gaishe da tsohon baƙon da ya sani. Warin bai kama ta sosai ba, sama-sama ne, irin na wanda ya zauna cikin masu sha. Na tsaya da rigar a hannu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Kashegari da hantsi, Alhaji ya fita, sai na ji gyaran murya a ƙofar gida. Nomau ne, da fartanya a kafaɗa. Na tsaya daga cikin zaure muka gaisa.

"Uwargida, ƙara na kawo. Lofena ya gaji. Kullum da safe ina kashe shi ina ɓoyewa, ba wanda ke zuwa."

"Ba ya zuwa gona?"

"Rabona da shi tun ranar da kika daina rako shi. An ce mini dai ana ganin wata tsohuwar roka a tasha, a bencin mai shayi." Ya gyara fartanyarsa, dariyar ta bar fuskarsa. "Mu biyu muka rage cikin waɗanda aka yi wa kaciya tare. Kada ki bari ya bar ni ni kaɗai."

Ya tafi. Na koma tsakar gida na zauna kan turmi. Na tuna maganar mijina da ya ce in zauna. Na tuna bakin Goggo da bakin gari. Na tuna barandar asibitin Kano, da ƙirjin nan mai ɗinki kamar buhu. Tasha ba wurin matar aure ba ce, balle tsohuwa mai surukai. Amma mota ce ta ɗauko lodi ta mutu a kan tudu, tana komawa baya, mai ita kuma ya riga ya gaya mini da bakinsa cewa ba a jiran sai an ce sauka. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na ɗauki babban mayafina.

Ban taɓa sanin garinmu yana da idanu da yawa haka ba sai ranar. Na ratsa ta gaban masu nama, ta gaban masu faci, ina karanta duk abin da na haddace. Da na shiga tasha hayaniya ta ragu, kamar an yayyafa wa wuta ruwa. Ga motar Isuhu an gama ɗaure mata tamfol. Ga benci, ga direbobi, hayaƙi na tashi. Ga Alhaji a tsakiyarsu. A tsakanin yatsunsa biyu akwai karan taba fari, ba a kunna ba. A ɗaya hannun kuma ashana.

Ya ɗago muka haɗa ido. Ban iya kiran sunansa ba, ban taɓa ba. Ba zan yi masa faɗa a gaban yaran da ya koya wa tuƙi ba, gara ƙasa ta tsage in shige. Ban san lokacin da na taka zuwa jikin motar Isuhu ba. Na ɗaga tafin hannuna na bubbuga ƙarfen sau biyu, da ƙarfin da nake daka da shi.

"Oga," na ce, "mu je."

Tasha ta yi tsit. Wani yaro ya fara dariya, Isuhu ya juya ya dube shi, dariyar ta koma ciki. Alhaji ya daɗe yana kallona, ni kuwa na riga na sallama, in saki ne ma ya zo. Sai ya dubi abin da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa. Ya ajiye karan a kan benci, ya ɗora ashanar a kai. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Isuhu," ya ce, "ka ga yadda ake sa weji? Shekara nawa ina koya maka ba ka iya ba."

A nan ne tasha ta fashe da dariya, har da masu tafi. Isuhu ya cire hula ya rusuna ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Oga. Inna, a yi lodi lafiya."

Muka fito. Na ja baya don in ba shi girmansa a cikin gari, sai ya tsaya ya ce, "Ina za ki? In maganata ta yanke wa zai ji?" Haka muka ratsa kasuwa kafaɗa da kafaɗa, ta gaban masu faci, ta gaban masu nama, ta ƙofar gidan Goggo. Muka wuce tsamiya. Sai a gindin tudu ya tsaya.

"Ban kunna ba."

"Na gani."

"Kullum sai in saya in riƙe, in shaƙi na wasu, in zan tashi in bayar. Yau ne na karɓi ashana." Ya share fuska da hannun riga. "Ba tabar ce kaɗai ba, Asabe. A can ne ake ce mini Oga. A gida ni mene ne?"

"Ni dai ka bar ni a Mokwa," na ce. "An ce akwai wata gada a gaba, ban taɓa ganinta ba."

Abin bai tafi a banza ba, kada ku zaci an yi mini guɗa. Ɗana na fari ya bugo waya ransa a ɓace, ya ce abokansa sun ji. An yi bukukuwa a dangi ba a aiko mini da goro ba. Goggonku ta ɗauke ƙafa daga gidan nan, in mun haɗu a gidan gaisuwa sai ta amsa mini da ka. Wannan ya yi mini ciwo, don ita ta karɓi haihuwata ta fari. Shi ma Alhaji ba a rana ɗaya hannunsa ya daina zuwa aljihu ba. Akwai safiyar da zai tashi da faɗa, akwai wadda zai ce ba ya zuwa ko'ina, sai na tsaya masa a ƙofar ɗaki da mayafi.

Amma mun haye gadar Jebba. Masara na fitar da gemu muka shiga Ilori, tana bushewa muka wuce Badun. Ranar da muka isa gindin ɗorawa, Nomau da ya biyo mu ya jefar da fartanya ya yi ta ihu wai roka ta shiga Legas, ya je ya karyo masarar da ta rage ɗanya daga tasa gonar ya gasa mana. Alhaji ya ci, ya tsaya, ya ce tun yana yaro rabon da ya ji zaƙin masara haka. Da muka koma gida na tuƙa tuwo da miyar kuka, ya kai loma ɗaya ya dube ni.

"Wannan daddawar a ina kika saya?"

"Ni nake yin abata tun kafin a haifi Rabi."

"Ashe haka take?"

Shekara da shekaru ina yi wa mutum miya, hayaƙi ya tare masa harshe, sai da furfura ya san hannuna.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata safiya muna shirin fita sai ga Goggo da kwano a lulluɓe. Alhaji ya fito ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe ba tare da ya dafa bango ba. Ta bi shi da kallo tun daga sama har ƙasa. Ta miƙo mini kwanon tana kallon wani wuri.

"Kunun tsamiya ne. Ba kanwa, kada ki kai wa maƙwabta."

"Na gode, Yaya."

"Ya yi kumatu," ta ce. Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin zaure. "Amma don Allah ku riƙa bi ta bayan gari."

Yau ga shi shekaru sun shuɗe. Kakanku bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai ƙara riƙe kara ba. Yana da ragunansa, yana da gonarsa da yake tsayawa a kai ana aiki, yaran direbobi kuma har gida suke zuwa su kunna masa inji ya saurara ya gaya musu ciwonta. In lokacin ganin likita ya yi mu je mu dawo. Ranar da aka rubuta masa ba za ta wuce ba, ni ma haka, amma ba mu ne za mu je mu tarye ta a hanya ba. Ku dai abin da nake so ku riƙe, mazanku da matanku: kunya ado ce, na yafa ta duk rayuwata, ban kuma yar da ita ba. Amma in naka na gangarawa, ba a tsayawa gyara mayafi.

Rabi, ajiye alƙalamin nan haka. Ba ki ji ba? Sandarsa ce ke bugun ƙyauren zaure, sau biyu. Yanzu shi ke bubbugawa, ni nake fitowa. Miƙo mini takalmina, rana na yi, jiya kuma a Ilori muka tsaya.